Sabuwar falaza, mita ɗaya: wa ya kamata ya biya?

Wanda ya taɓa kama shago a sabuwar falaza a Kano ya san zancen. Ka biya kuɗin hayar shekara, sai a ce saura "kuɗin taransifoma", kowane shago da kasonsa. Daga nan a kafa mita ɗaya ga ginin gaba ɗaya, ƙarshen wata a raba bil. Tela mai keke ɗaya ya biya daidai da mai firiza uku da ke sayar da ƙanƙara.

Hukumar NERC ta sha nanata cewa samar da taransifoma da turakun wuta da mita alhakin kamfanin rarraba wuta ne, wato KEDCO a Kano da Katsina da Jigawa. Ko a tsarin MAP da aka ɓullo da shi a 2018, ƙa'idar yanzu ita ce wanda ya sayi mita da kuɗinsa a riƙa mayar masa da su a katin wuta.

Ni a ganina, wayarin cikin gini na mai gini ne, babu gardama. In kuma ba zai iya jiran kamfani ba ya sayi taransifoma, ya fara ƙulla yarjejeniya a rubuce kan yadda kuɗinsa za su dawo. Ɗan haya fa yana iya tashi baɗi, kuma ba zai tafi da taransifoma a ka ba.

Ita kuwa KNUPDA, kada ta amince da taswirar falazar da ba ta ware wa kowane shago layinsa da mazaunin mitarsa ba.