Sojan roba da dokin laka: tarihin Maraɗi a hannun yara

Duk wanda ya ratsa babbar kasuwar Maraɗi ana jajibirin salla zai tarar masu tebur sun baza kayan wasan yara iri-iri. Daga cikinsu akwai ƴan ƙananan sojoji na roba, kore-kore, an ƙulle su cikin leda, kowane riƙe da bindiga. Sojojin nan ba su da suna, ba su da gari, kuma babu wanda zai iya faɗin yaƙin da suka je. Yaro ya saya, ya jera su bakin zaure, ya yi ta harbi da baki, kafin mako ya zagayo sun kakkarye sun bi shara. Kuɗin uba ya tafi, yaro kuwa bai ƙaru da komai ba sai sha'awar bindiga.

A wasu ƙasashe wannan ƙaramin abu ya zama hanyar koyon tarihi, har manya masu furfura suna ba shi lokacinsu. Jahar Maraɗi tana da tarihin da ya isa a koyar, tana da masu sana'ar hannu da za su iya siffanta shi. Saboda haka ya kamata hukumomi da malamai su dubi al'amarin da idon basira.

Yadda wasan ya samo asali

A shekarar 1824 wani ƙaramin hafsa na ƙasar Furusiya, wadda wani ɓangarenta yake cikin Jamus ta yanzu, mai suna Reisswitz, ya nuna wa shugabannin soja wani wasa da ake yi bisa taswira. Ana aza ƴan guntayen ƙarfe a matsayin rundunoni, ɓangare biyu su fafata, alƙali yana tsakani yana yanke abin da kowane motsi ya haifar. Shugabannin suka ga amfaninsa, suka sa shi cikin horon hafsoshi. Bayan da Furusiya ta ci Faransa a yaƙin 1870, sai sauran ƙasashe suka shiga kwaikwayo.

Daga bariki wasan ya shiga gidaje. A 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da littafi mai bayyana dokokin yin sa da sojojin dalma. Wajen 1960 kamfanin Airfix ya fara sayar da ƙananan sojoji na roba da araha, har ɗan talaka ya iya mallakar runduna. A 2008 kuma wasu tagwaye na birnin Nottingham, Alan da Michael Perry, suka fito da kwalinsu na farko na sojojin roba mai tauri, masu tsawon milimita 28, wato ba su kai rabin ɗan yatsa ba. Tun daga lokacin sababbin kwalaye suke ta fitowa daga kamfanoni dabam-dabam, kwali guda yakan ɗauki soja 30 ko 40.

Mai saye shi ne yake haɗa gaɓoɓin da gam, ya shafa musu fenti da ɗan siririn burushi. Kafin ya yi haka sai ya buɗe littafi ya san launin rigar da rundunar ta sa, da irin makaminta, da tutarta. Ranar wasa ana shirya teburi da tuddai da gulbi da itatuwa kamar yadda filin daga yake, ana auna tafiyar doki da ta dakare da ma'auni, ana jefa ƙwaya irin ta lido domin abin da dabara ba ta iya hangowa. Ta haka mutum yake haddace tarihin ƙasarsa ba tare da an tsare shi da bulala ba. A birnin Compiègne na Faransa har gidan tarihi aka keɓe wa waɗannan ƴan siffofi.

Kamfanonin sun taɓo Afirka. Akwai kwalin mayaƙan Zulu na 1879, akwai na mabiya Mahadi na Sudan. Amma sun zaɓe su ne saboda sun yi karo da sojan Ingila. Yaƙin da Bature bai halarta ba, da wuya ya sami shiga kwali. Ga kuma dalili na kuɗi: ƙera mazubin ƙarfe da ake zuba roba a ciki yana da tsada ƙwarai, ba ya biyan kansa sai an sayar da dubbai. Wanda ya zauna jiran wani kamfanin Turai ya ƙera barden Ɗan Baskore, zai daɗe yana jira.

Abin da Maraɗi da Tsibiri suke da shi

Bayan da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, gidan sarautarta ya yi gudun hijira zuwa arewa. Wajen 1819 Ɗan Kasawa ya kafa sarautarsa a Maraɗi, cikin kwarin gulbi, inda kurmi yake kare gari daga sukuwar dawakin abokan gaba. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808. A 1836 Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da wasu Abzinawa suka haɗa ƙarfi suka gamu da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Gawakuke, aka ci su, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda suka kwanta dama a filin. Bayan wannan masifa ne Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri, daf da Maraɗi, a zamanin Ɗan Mari. Daga baya Ɗan Baskore ya yi sarauta fiye da shekara 20, hare-harensa suka kai har ƙasar Kano. A ƙarshen ƙarnin kuma Ƙaura Hasau ya yi ƙarfin da sarakuna kansu suke shakkarsa.

Rundunar wancan zamani tana da tsari. Akwai ƴan lifidi, waɗanda su da dawakinsu suke lulluɓe da rigar da aka cusa wa auduga domin kibiya mai dafi kada ta ratsa. Akwai masu sulke da kwalkwali, akwai barade masu mashi da takobi da garkuwar fata, akwai ƴan baka da suke tafiya a ƙasa da kwari a kafaɗa. Ƙaura shi ne jagoran yaƙi, yana cikin manyan fada huɗu tare da Galadima da Ƴandaka da Durɓi. Tambari da kakaki suna bayan sarki.

Yaron da aka ba shi waɗannan mayaƙa ya jera da hannunsa, tambayoyi za su taso masa da kansu. Me ya sa ake fita yaƙi da rani bayan an kai amfanin gona rumbu? Me ya sa runduna take bin hanyar rijiyoyi ko da ta fi nisa? Me ya sa dokin lifidi, da yake ba ya tsoron kibiya, yake saurin gajiya, kuma wuta take zama ajalinsa? Me ya sa aka gina gari cikin kwari, har ambaliyar 1945 ta rushe shi aka komo bisa tudu? Amsar kowace tambaya darasi ce ta tarihi da labarin ƙasa da lissafi, kuma yaron da ya nemo ta da kansa ba zai mance ba.

Abin baƙin ciki shi ne, ɗan lakwal na Maraɗi yakan san sunan Napoleon kafin ya ji sunan Rauda. Tsofaffin da suka karɓi labari daga bakin jikokin mayaƙan suna ta ƙarewa. Abin da aka rubuta, kamar aikin da Philippe David ya yi a shekarun 1960 game da tsohon birnin Maraɗi, yawancinsa da Faransanci yake, yana ajiye inda talaka ba ya kaiwa.

Hannu akwai, laka akwai

Ba baƙon abu ake kira a shigo da shi ba. Tun kaka da kakanni yaran ƙasar Hausa suke gina dokin laka a bakin tabki da damina, su aza masa mahayi, su yi masa mashi da tsinke. Suna hawan dokin kara suna kwaikwayon hawan salla. Manya kuma suna da dara, wadda take wasan dabara ce tsantsa, babu mai ganin dattijo a gindinta ya ce ya yi wasan yara.

Jiratawa, kudu da Maraɗi, ta yi suna wajen ginin tukwane. Hannun da ya iya tulu da randa ba zai kasa doki da mahayi ba, in an nuna masa siffa aka kuma tabbatar masa da mai saye. Cikin Maraɗi akwai maƙeran fari da masu zubin tukwanen alminiyam waɗanda suka san aikin mazubi, akwai dukawa da za su iya ɗinka ɗan sirdi da garkuwa. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana da matasa masu ilmin fasaha, kuma a yau akwai injin da yake fitar da siffa daga zanen kwamfuta, wanda ya rage tsadar yin samfurin farko. In an sami samfuri mai kyau guda, sauran aiki na masu zubi ne. Kuɗin da yake fita waje wajen sayen sojan da ba shi da suna, sai ya tsaya a Jiratawa da unguwannin Maraɗi.

Masu ja da wannan shawara

Akwai masu cewa ƙasar da take fama da ƴan bindiga ba ta bukatar a koya wa yaranta yaƙi. Maganarsu tana da nauyi. Tun 2019 dubban ƴan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallako cikin jahar Maraɗi, ƙauyukan bakin iyaka kuma sun ɗanɗana satar shanu da ta mutane. Sai dai bindigar roba tana hannun yara tun tuni, ba ta jira izinin kowa ba, kuma ba ta koya musu komai game da abin da yake biyo bayan harbi. Wasan da malami yake jagoranta yana da doka da alƙali, ana gamawa a ƙirga waɗanda suka faɗi, a tambayi wa zai nome gonakinsu, wa zai riƙe marayunsu. Yaron da ya ga sarki biyu sun faɗi rana ɗaya a Gawakuke ya fi kusa da sanin darajar zaman lafiya bisa wanda bai san komai ba sai ƙarar harsashi a wayar hannu.

Wasu kuma suna tsoron kada a tada tsohuwar gaba tsakanin Haɓe da Fulani, ko tsakanin Maraɗi da Katsina. Maganin wannan yana cikin dokar wasan kanta: wanda ya riƙe rundunar Rauda yau, gobe shi zai riƙe ta Bello, dole ya san dalilan kowane ɓangare da ƙarfinsa da rauninsa. Wajibi ne a ƙera mayaƙan ɓangarorin duka da mutunci ɗaya, kada a mai da wani dodo. Jikokin waɗanda suka gwabza jiya, yau surukan juna ne, kasuwarsu ɗaya, kuma ɓoye musu tarihi ba ya ƙara musu zumunci, sai dai ya bar fili ga masu ba da shi a karkace.

Ta fuskar addini ma akwai masu ƙyamar siffar abu mai rai. Wannan magana ce ta malamai, kuma ya dace a nemi shawararsu tun farko. Abin da aka sani shi ne, malamai da yawa sun sassauta game da kayan wasan yara, suna kafa hujja da ruwayar da ta nuna Nana A'isha tana da ƴan tsana, har da doki mai fukafukai. Inda aka ga ya fi dacewa, ana iya barin fuskar mahayi a rufe da rawani, kamar yadda baraden suke yi da ma. Caca kuwa ba ta da wuri a ciki, domin ba a aza ko dala.

Aikin da yake gaban kowa

Abu na farko shi ne tattara sani. Fadar Sarkin Katsinan Maraɗi da ta Sarkin Gobir na Tsibiri su buɗe wa masu bincike ƙofa, a auna lifidi da sulke da sirdin da suka rage, a ɗauki hotonsu, a naɗi muryar makaɗan fada da dattawan da suka san jerin sarakuna. Cibiyar IRSH da gidan tarihi na Bubu Hama da suke Yamai sun daɗe cikin irin wannan aiki, sai a nemi hannunsu.

Na biyu, hukumar birnin Maraɗi da masu kula da sana'o'in hannu su shirya gasa tsakanin magina da maƙera, a zaɓi siffofi mafi kama da gaskiya, a ba da odar farko domin makarantu. Mai sana'a ba ya barin tukunyar da take ciyar da shi sai ya ga kasuwa.

Na uku, a rubuta ɗan littafi da Hausa mai sauƙi, mai ɗauke da dokokin wasan da labarin kowace gwagwarmaya da taswirarta. Nijar ta kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci tun 1963, ta buɗe makarantun gwaji na harsunan gida tun 1973, amma waɗanda suka koyi karatu har yanzu suna kukan ƙarancin abin karantawa. Uban da ya fito daga ajin yaƙi da jahilci, in ya zauna bisa tabarma yana karanta wa ɗansa labarin Ɗan Kasawa, yaron yana jera dawaki a gabansa, karatun uban ya zauna, tarihin kuma ya sami magaji.

Ba a bukatar miliyoyi kafin a fara. Aji guda a Maraɗi, guda a Tsibiri, guda a Jiratawa sun isa gwaji na shekara ɗaya, daga nan a duba abin da yaran suka riƙe, a gyara inda aka yi kuskure. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Sojan leda na aro ne, barden lifidi kuwa na gida ne, kuma lakar da za a gina shi da ita tana nan a bakin gulbi.