Robar Maganin Tanki Ba Ta Tayar da Mataccen Indomi

A hunturun da ya wuce, ina hanyar kai yara makaranta, wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji ta kama a gaban sitiyarin motata. Direbobi "cek" suke ce mata. Motar ƙirar 2007 ce, 'yar Kwatano, shekara bakwai tana hannuna ba ta taɓa kwana da ni a hanya ba. Kwanaki kaɗan kafin nan na lura tana kakkarwa idan na tsaya a danja, kuma man da ke kai ni Lahadi ya fara ƙarewa tun ranar Alhamis. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, duk mai albashi ya san lissafin kowace lita, don haka hankalina ya tashi.

A wani gidan mai, yaron da ke zuba mini ya hango fitilar, sai ya ɗauko wata 'yar roba daga cikin kwali. "Yallaɓai, datti ne ya toshe salansa. Ka zuba wannan a tanki, zai wanke komai har indomi." Na biya naira dubu biyar. Washegari fitilar ta mutu, na yi murna. Bayan kwana huɗu ta dawo. Na sake sayen roba ta biyu, sannan ta uku, wata biyu ina wannan hali, har ranar da motar ta kasa wuce tirela a hanyar Zariya, na take totur har ƙasa tana gurnani kamar an shaƙe ta.

Wani dattijon bakanike da ke da na'urar duba mota ya jona ta a ƙarƙashin sitiyari. Lamba biyu suka fito: P0302 da P0420. Ta farko tana nufin silinda ta biyu ba ta kama wuta yadda ya kamata, ta biyu kuma tana nufin indomi ya daina aikinsa. Ya cire kwayil ɗin fulogi na biyu ya nuna mini tsagewar da ke jikinsa. Da ya kwance salansa ya haska tocila, sai ga cikin indomin ya narke ya dunƙule wuri guda.

"Malam, yaushe wutar nan ta kama?"

"Wata biyu ke nan, Baba."

"Da ka zo a makon farko, kwayil ɗaya za mu canza ka tafi gida."

Wannan maganar ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ba ni da gaba da masu sayar da robobin nan, kuma ba zan ce duk ƙarya ne a cikinsu ba. Abin da ke damuna shi ne alkawarin da ake ɗora musu a bakin famfon mai, alkawarin da ya fi ƙarfinsu, wanda ke sa mai mota ya ɓata makonnin da ya kamata ya je a duba masa ainihin ciwon.

Yawancinmu ba mu san mene ne indomi ba. Makanikai sun raɗa masa wannan suna ne saboda cikinsa ya yi kama da taliyar yara da ba a dafa ba. Wata tukunyar ƙarfe ce a jikin bututun salansa, a cikinta akwai tangaran mai dubban ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, an shafe bangon ramukan da ƙarafa masu tsadar gaske: filatinam, faladiyam da rodiyam. Mutane suna ɗaukarsa rariya ce da ke tace datti, wadda idan ta cika sai a wanke. Ba haka yake aiki ba. Idan ya ɗauki zafi, wajen digiri 300 zuwa sama, hayaƙin da ya shafi waɗannan ƙarafa sai ya sauya hali. Iskar kabon monoksaid, wadda ita ce ke kashe iyali guda cikin dare idan an kwana da janareta a ɗaki, sai ta koma iskar da ba ta kisa nan take. Ɗanyen man da bai ƙone ba ya ƙarasa ƙonewa, gubar da ke ƙona huhu ta warware. Tun 1975 aka fara sa shi a motocin Amurka. Akwai 'yar na'ura mai shinshinar hayaƙi kafin shi, akwai wata bayansa, kwamfutar mota tana kwatanta abin da suka ji. Idan ta ga hayaƙin ya fita kusan yadda ya shiga, sai ta kunna maka fitila.

To yanzu mu bi ruwan robar nan daga inda aka zuba shi. Ya shiga tanki ya gauraya da fetur, ya bi famfo, ya bi bututu, ya fita ta nozul, ya faɗa cikin silinda, inda wuta ke cinye shi tare da man. A wannan zangon na farko, daga tanki zuwa nozul, maganin kirki yana aiki. Akwai wani sinadarin wanki da ake taƙaita sunansa da PEA, wanda ke iya narkar da dattin da ya daskare a bakin nozul, har mai ya koma fita kamar feshi maimakon ɗigo. Idan ciwon motarka ke nan, roba ɗaya za ta iya sa ka ji sauƙi, kuma hayaƙinka zai ragu. Wannan gaskiya ne, ban musa ba.

Amma indomi yana can bayan wuta. Duk abin da ya isa gare shi ya riga ya ƙone. Masu haɗa irin maganin da aka ce na indomi ne suna cewa tururin da ke fita bayan ƙonewar yana ɓamɓare baƙin hayaƙin da ya kwanta a ramukan. Mu ɗauka haka ne. Baƙin hayaƙi shi ne mafi sauƙi cikin cututtukan indomi, kuma tafiya mai nisa a buɗaɗɗen titi, kamar daga Kano zuwa Kaduna, inda salansa zai yi zafi sosai na tsawon lokaci, ita ma tana ƙone shi. Cututtukan da ke kashe indomi daban ne. Idan fulogi ko kwayil ya mutu, ɗanyen fetur yana kwarara cikinsa ya kama da wuta a can, tangaran ɗin ya narke, kamar yadda nawa ya yi. Idan ringi ya ci, inji yana shan baƙin mai, sinadaran da ke cikin baƙin man suna lulluɓe ƙarafan nan da wata toka mai tauri da ba ta fita. Idan gaskit ya ƙone, ruwan lagireto yana shiga silinda, shi ma ya bi ya lalata shi. Idan ka daki tudun rage gudu ko dutse da cikin mota, tangaran ɗin ya farfashe, za ka riƙa jin ƙarar tsakuwa a ƙarƙashinka. Wane ruwa ne za a zuba a tanki ya ɗinke tangaran da ya fashe, ko ya warware wanda ya narke?

Fitilar da ta mutu mini washegarin roba ta farko ma ba shaida ba ce. Kwamfutar mota takan kashe ta da kanta idan an yi 'yan tafiye-tafiye matsalar ba ta bayyana ba, ta sake kunnawa idan ta dawo. Kwayil mai tsagewa haka yake, yau ya yi aiki gobe ya ƙi. Wasu ma kan batir suke cirewa su mayar, fitila ta mutu, a ce an gyara. Na taɓa ganin motar da aka cire mata ƙwan fitilar ɗungurungum kafin a kai ta kasuwa.

Akwai wurin da zuba magani a mai ya zama aikin injiniya na gaske. A shekarar 2000 kamfanin Peugeot ya fito da mota ƙirar 607 mai amfani da man gas, da matacin baƙin hayaƙi a salansarta, da wani ƙaramin tanki na daban ɗauke da sinadari wanda kwamfuta ke auna shi tana ɗiga shi cikin mai, don hayaƙin da ya taru ya ƙone ba sai zafi ya yi tsanani ba. An ƙera motar da maganin tare, an auna komai. Wannan ya sha bamban da robar da ba a san inda aka cika ta ba, balle ƙwallon kafur da na ga wasu direbobin haya suna jefawa a tanki wai don mai ya yi auki.

Bayan dattijon ya gama nuna mini ɓarnar, sai wani mai walda da ke gefe ya matso da shawarar da kowa ya sani. A fasa indomin a zazzage, ko a yanke shi a jona bututu, a sayar wa 'yan gwangwan, kuɗin ma ya isa biyan aikin har a samu canji. "Alhaji, motar ma za ta fi gudu," in ji shi. Gaskiya ne motar da indominta ya toshe za ta sami numfashi idan an cire shi. Saboda ƙarafan da ke cikinsa ne ake sayensa da tsada, saboda su ne kuma ɓarayi ke shiga ƙarƙashin motoci da zarto, a nan da Turai da Amurka duka. Wasu motocin ma tun kafin su sauka daga jirgin ruwa an riga an raba su da nasu. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin motoci miliyan 14 daga Turai, Amurka da Japan, kashi 40 cikin ɗari Afirka aka kawo su, kuma a cikinsu akwai waɗanda aka cire wa wannan kayan.

Na ƙi shawarar mai walda. Dalilina yana tsaye a kowace danja ta garin nan. Ka dubi yarinyar da ke tallar gyaɗa tana ratsawa tsakanin motoci, da almajirin da ke goge gilashi, da gurgun da ke kan ƙaramin kekensa, wanda hancinsa yake daidai da bakin salansa. Su ne ke shaƙar abin da muka ƙi biya. Mu muna ciki mun ɗage gilashi. Kabon monoksaid ba ta da launi, ba ta da wari, mai mota ba zai taɓa ganin abin da yake fesa wa mutane ba. A lokacin hazo, sa'ad da ƙura ta riga ta cika ƙirji, duk uban da ya taɓa kwana a zaune da yaro mai ciwon asma ya san abin da nake faɗa. Addininmu ya hana cutarwa, kuma ban ga inda aka keɓe cutarwar da ke fita ta bututu ba. Na jira albashin wata biyu, na sayi indomi ɗan Beljiyam, aka sa. Ya yi tsada, kuma na san ba kowa ne zai iya ba, musamman direban haya da ke kai wa maigida balas kullum. Shi ya sa nake cewa a kare wanda ake da shi tun yana raye, don kariyar tana da araha ƙwarai idan an kwatanta da sayen wani.

Sai dai ba zan ɗora wa masu motoci laifin duka ba. Me ya sa kasuwar robobin nan ta bunƙasa a wurinmu? Saboda mun daina yarda da man da ake zuba mana. A Fabrairun 2022 hukumomi da bakinsu suka amsa cewa an shigo da fetur daga tashar Antwerp ta Beljiyam mai ɗauke da metanol fiye da ƙima, motoci suka lalace, layin mai ya yi makonni. Tun kafin nan, a 2016, ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Siwizalan ta ɗebi mai a ƙasashen Afirka takwas, ta sami man gas da farar wutar da ke cikinsa ta ninka abin da Turai ta yarda da shi har sau 378. Turai ta tsayar da iyakarta a kashi 10 cikin miliyan tun 2009. Ƙasashen ECOWAS sai a 2020 suka amince da kashi 50 cikin miliyan. Farar wuta tana dakushe indomi, tana lalata na'urorin shinshinar hayaƙi, kuma babu robar da ke cire ta daga mai bayan ya shiga tanki. Ga kuma 'yan bumburutu da jarkokinsu a rana, da gidajen man da ruwa ke shiga rijiyoyinsu da damina.

An taɓa yin irin wannan yaƙin an ci. Darmar da ake sawa a fetur, wadda ke kashe indomi farat ɗaya tana kuma taɓa ƙwaƙwalwar yara, ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina ta a farkon 2006, kuma a 2021 Aljeriya ta zama ƙasa ta ƙarshe a duniya da ta rufe famfonta. Da doka da sa ido aka yi wannan, ba wanda ya ce wa direbobi su sayi magani su kare kansu. Yanzu da matatar Dangote ta fara fitar da fetur tun Satumbar 2024, hanzarin cewa man daga ƙetare yake zuwa ya ragu. Ina kira ga hukumar kula da harkar mai ta NMDPRA ta riƙa ɗiban mai a bakin famfo, a Kano da Sakkwato da Maiduguri, ba a tashar jirgin ruwa kaɗai ba, ta buga sakamakon kowa ya gani. Hukumar kula da ingancin kaya ta SON kuma ta dubi robobin da ke cike da gidajen mai da shagunan kayan gyara, wadda ba a rubuta abin da ke cikinta ba a kwashe ta.

Kai kuma ɗan'uwa mai mota, idan kana son zuba maganin wanke nozul lokaci-lokaci, ka nemi sananne, ka bi ma'aunin da aka rubuta a jikinsa, kada ka ninka. Ka riƙa yin juye a kan lokaci, ka duba filtar iska idan hazo ya sauka, ka canza fulogi kafin ya mutu. Amma ranar da fitilar cek ta kama, kada ka tsaya a wurin mai roba. Ka nemi mai na'ura ya karanta maka lambar a cikin makon nan, ka sa ya rubuta maka ita a takarda. Idan kuwa fitilar ƙiftawa take yi, ɗanyen mai ne ke shiga indominka a daidai lokacin: ka gangara gefen titi ka kashe motar.