Halaccin Su Bai Halatta Azabtar Da Koto Ba

Ya 'yan'uwa Musulmi, muna son mu ja hankalinmu a wannan wata zuwa ga wata mas'ala wadda da yawa za su ɗauka ƙarama ce, wato soke ƙananan halittu da ransu a bakin ƙugiya domin a yi koto da su wajen kamun kifi.

Duk wanda ya san Titin Ibrahim Taiwo ya san matsayin kifi a abincin mutanen Fagge da Sabon Gari. Masu abincin da ke ciyar da 'yan kasuwar Kantin Kwari da Singa, da masu farfesun tarwaɗa, da magidantan da ke sayo ɗanye ko banda a kasuwar kifi ta Titin Galadima, duk a wuyan masunci suka rataya. Wani sashe na wannan kifi daga gidajen kiwo yake fitowa, wani kuma daga madatsar ruwa ta Tiga wadda aka kammala a 1974, da ta Challawa wadda aka kammala a 1992, da fadamun Haɗeja da Nguru, har zuwa Tafkin Chadi. Muna ci muna hamdala, amma kaɗan ne daga cikinmu ke tambayar yadda aka kamo shi.

Daga cikin kayan aikin masunta akwai doguwar igiya mai ɗauke da ƙugiyoyi masu yawa, wadda akan shimfiɗa da yamma a dawo dubawa da asuba. Kan ƙugiyoyin akan sa tana, ko fara, ko gyare, ko 'ya'yan kifi, ko kwaɗo. Da yake manyan kifaye mafarauta irin su giwan ruwa motsi suke bi, sai ya zama gwanintar wasu ita ce su soke abin ta leɓe ko ta baya ko ta cinya, ta yadda ba zai mutu da wuri ba. Haka zai kwana yana shure-shure da ƙarfe a jikinsa, ko kifi ya haɗiye shi, ko gari ya waye ya mutu a banza. Abin lura a nan shi ne, wahalar wannan halitta ita ce ainihin abin da aka nufa, domin ita ke jawo kifin.

Babu saɓani cewa su sana'a ce ta halal, kuma kifi ba ya bukatar yanka. Sai dai Shari'ar da ta halatta mana ɗaukar rai domin abinci ta gindaya mana yadda za mu ɗauke shi. Imamu Muslim ya ruwaito daga Shaddadu ɗan Ausu (R.A.) hadisin da ya wajabta kyautatawa hatta a wajen kisa da yanka, har aka umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa don ya hutar da dabbar. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar (R.A.) ya tarar da wasu samari sun ɗaure tsuntsu suna gwajin harbi a kansa, ya tsawata musu, ya kuma sanar da su cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya la'anci mai yin haka. Haka nan kowa ya san labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu. To, idan rago da za a yanka cikin daƙiƙa guda yana da hakkin a sauƙaƙa masa, da wane dalili za a bar wani mai rai ya kwana a bakin ƙarfe?

Shi kwaɗo kuwa nassi ya zo a kansa da sunansa. Abu Dawuda da Nasa'i sun ruwaito daga Abdurrahman ɗan Usman (R.A.) cewa wani likita ya tambayi Manzon Allah (S.A.W.) game da sanya kwaɗo cikin magani, sai ya hana shi kashe shi. Da wannan hadisi Shafi'iyya da Hanbaliyya suka haramta cinsa. Mun san cewa Imamu Malik ya tafi a kan halaccin cin kwaɗon ruwa, kuma mazhabarsa ce ta fi yaɗuwa a ƙasarmu. Amma halaccin ci daban, halaccin azabtarwa daban. Tunkiya ma halal ce, ba wanda ya ce a rataye ta da ranta a ƙugiyar mahauci. Kuma idan an hana kashe kwaɗo domin magani, alhali lafiya ta fi riba daraja, yaya za a ce da soke shi don neman tarwaɗa ɗaya?

Adalci ya sa mu faɗa cewa halittun nan ba matsayinsu ɗaya ba. Game da tana da gara da makamantansu malamai sun yi saɓani: wasu sun sauƙaƙa saboda bukata, wasu sun ƙi a soke su da rai. Ba mu tsananta a inda malamai suka yalwata ba. Abin da muke magana a kai da babbar murya shi ne kwaɗo da 'ya'yan kifi da duk wata halitta mai jini da ƙashin baya, wadda jin zafinta ba ya ɓoyuwa ga mai ido. Ko a cikin tana da fara ma, wanda ya kashe su kafin ya soke ya fita daga saɓani.

Bayan hukunci akwai maslaha. Kwaɗo ma'aikacin manomi ne da ba ya karɓar lada, dare da rana yana cinye ƙwarin da ke ɓata shuka a irin gonakin shinkafar Kura da Kadawa da Bunkure. Ƙasar Indiya ta hana fitar da cinyoyin kwaɗi zuwa ƙasashen waje a 1987, Bangaladash ta bi sahu a 1989, bayan an ga kwaɗi sun yi ƙaranci a gonaki, ƙwari sun yi yawa, manoma sun koma dogaro da feshin guba. Wani babban nazari da masana suka fitar a 2023 ya nuna kimanin kashi 41 cikin 100 na nau'o'in dangin kwaɗo a duniya na fuskantar barazanar ƙarewa. Su kuma 'ya'yan kifin da ake kwasa don koto, ai su ne kifin baɗi. Yankin Sikotland na Birtaniya ya kafa doka a 2007 wadda ta hana yin koto da halitta mai ƙashin baya tana raye. Abin kunya ne a ce wasu sun kai ga wannan ta hanyar majalisa, mu da muke da hadisin Shaddadu sama da shekara 1,400 muna sakaci.

Wani zai ce, masunci talaka ne, iyali na jiransa, me zai sa a ƙugiya? Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma amsarta na hannun masuntan kansu. Tarwaɗa da ƙamshi take neman abinci, tana cin yankakken kifi da kayan cikin kaji da mataccen koto. Masu gura da dusa suke kama kifi, ba su soke komai ba. Ga koma da taru, ga kuma kifin roba mai ƙugiya wanda ake ja cikin ruwa domin kifaye mafarauta. Ko da kamun ya ɗan ragu, kaɗan mai albarka ya fi mai yawa da hakkin wata halitta a wuya, domin arziki na Allah ne, ba na motsin kwaɗo ba.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu masunta da su bar kwaɗo a ruwansa, su kuma kashe duk abin da za su yi koto da shi kisa mai sauri kafin su soke. Muna kira ga Sarakunan Ruwa da shugabannin ƙungiyoyin masunta da su sa wannan cikin ƙa'idojinsu, kamar yadda dokar kamun kifi ta ƙasa ta 1992 ta hana guba da nakiya. Muna kira ga malamanmu masu wa'azi, musamman a garuruwan bakin ruwa, da su karantar da babin tausayin dabbobi kamar yadda suke karantar da babin yanka. Dillalai da masu saye su ma da nasu kason, domin Hausawa sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Dillalin Titin Galadima da ya nuna wa masunci cewa ya damu da yadda aka yi kamun, maganarsa za ta isa bakin ruwa kafin tamu. Iyaye kuma su lura da yaran da ke fatsa a kududdufai, domin yaron da ya saba ganin mai rai na shure-shure yana dariya, zuciyarsa ce ke bushewa tun tana ɗanya.

Allah Ya sanya tausayi a zukatanmu, Ya albarkaci ruwayenmu da sana'o'inmu, Ya yafe mana hakkin halittun da ba su da bakin kai ƙara.