Bikin Dubai da ɗaurin auren Kagarko: Wanne ya fi cancantar makon ma'aikaci?

A ma'aikatu da hukumomin tarayya da ke Abuja, tafiya biki ƙasar waje ta daina zama abin mamaki. Darakta ko hadimin minista zai ware mako guda ya nufi Dubai ko Landan ko Alƙahira ɗaurin auren ɗan wani amininsa, ya haɗa da ziyarar tsofaffin abokan makaranta da suka yi kaka-gida a can, sannan ya dawo ofis da tsarabar turare da dabino. Cikin masu irin wannan tafiya akwai 'yan asalin Kagarko da Jere da Kafanchan, waɗanda gidajen iyayensu ke kusa da Abuja fiye da na yawancin abokan aikinsu. Da yawa daga cikinsu kuma katin gayyatar da ya fito daga gida yakan ƙare ne a aljihun tebur, a tura 'yan dubbai ta waya tare da saƙon ban haƙuri.

Tafiyar kanta ba abar zargi ba ce. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma ba su yanka mata iyaka da kan iyakar ƙasa ba. Tun zamanin fataucin goro mutanen ƙasar Hausa ke da dangi a Gwanja da zangon Kumasi, kuma hanyar aikin hajji ta ƙasa ta bar zuri'a mai yawa a Sudan. Kafanchan ma, da ta zama mahaɗar jiragen ƙasa tun shekarun 1920, ta raini 'ya'yan ma'aikatan reluwe daga kowane sashe na Najeriya, waɗanda daga baya karatu da neman abinci suka watsa su duniya. Wanda ya tashi tare da irin waɗannan, ya kuma ƙetare teku don ya tsaya a bikin ɗansu, ya cika alƙawarin abota. Sai dai ma'aikacin gwamnati yana da tambayoyi uku da ya kamata ya amsa wa kansa kafin ya nufi filin jirgin Nnamdi Azikiwe.

Ta farko ita ce: da kuɗin wa za a yi tafiyar? Kafin watan Yunin 2023 ana canzar da Dala a kan kimanin Naira 460 a farashin hukuma. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura Naira 1,500. Mafi ƙarancin albashi kuwa, ko bayan ƙarin da aka yi a Yulin 2024, Naira 70,000 ne. Duk wanda ya san albashin ma'aikacin tarayya ya san cewa tikitin jirgi da biza da otal na kwana bakwai da anko da gudummawa sun fi ƙarfin albashin watanni da dama, har ga mai babban mataki. Wani yakan biya daga adashi ko noma ko halastacciyar sana'ar iyali, kuma babu mai ce masa don me. Wani kuwa yakan jira wani taro ko kwas ya faɗo daidai da ranar biki, ya karɓi alawus ɗin tafiya da Dala, ya leƙa zauren taro sau ɗaya ya sa hannu a rajista, sauran kwanakin su tafi a wajen walima. Yawan kuɗin da tafiye-tafiyen jami'ai ke lashewa ne ya sa Shugaba Bola Tinubu ya rage yawan 'yan rakiya a Janairun 2024, sannan ya dakatar da fita waje da kuɗin gwamnati na tsawon wata uku daga 1 ga Afrilun wannan shekarar.

Akwai kuma hanya ta uku da ta fi sauran haɗari, wato ɗan kwangila ya ɗauki nauyin tikiti da masauki. Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana jami'in gwamnati karɓar kyauta ko wata alfarma saboda aikin da ya yi ko ya ƙi yi a ofishinsa, ya bar masa kyautar dangi da abokai gwargwadon abin da al'ada ta amince da shi. Mutumin da fayil ɗinsa ke kan teburin jami'i, ko da sun yi aji ɗaya a sakandare, tikitin da ya saya masa bashi ne, kuma ranar biya tana nan zuwa.

Tambaya ta biyu ita ce: da izinin wa, kuma cikin lokacin wa? Dokokin aikin gwamnati sun tanadi hutun shekara, sun kuma buƙaci a nemi izini kafin a bar ƙasa. Wanda ya bi wannan ya fita haƙƙin aikinsa. Wanda ya sulale ranar Alhamis ya bar wa ƙaramin ma'aikaci ya riƙa cewa «oga na wajen taro», ya tsayar da takardar fanshon wani ko ƙarin girman wani har mako guda. A watan Yunin 2024 an kai ga Shugaban Ƙasa ya ba da umarnin a ƙwato albashin ma'aikatan da suka koma ƙasashen waje da zama amma suna ci gaba da karɓar kuɗi. Irin wannan ɓarna takan soma ne daga sakaci ƙarami, ranar da shugaban sashe ya kau da kai ga kujerar da ta yi mako babu mai ita.

Ta ukun ita ce mafi nauyi: yaushe rabon matafiyin da gida? Ƙaramar Hukumar Kagarko tana iyaka da Bwari. Daga Sakatariyar Tarayya zuwa garin Kagarko tafiyar kimanin sa'o'i biyu ce a mota, alhali jirgin Landan ko Dubai yana cin sa'o'i shida zuwa bakwai a sama, ban da layin biza. Mutum na iya karin kumallo a Kubwa, ya halarci ɗaurin aure a masallaci ko a coci da hantsi, ya gai da tsofaffi, ya dawo kafin almuru.

Bikin gida kuma yana da aikin da na otal ɗin Dubai ba ya yi. A ƙasar Hausa da ma tsakanin Koro da Gbagyi, gudummawar biki rance ce da ke zagayawa: wanda ya kawo buhun masara ko akuya yau, za a kai masa gobe. Da wannan ne talaka ke aurar da 'yarsa ba tare da ya sayar da gona ba. A daminar 2023 cuta ta afka wa gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko da Jama'a, ta karya manoman da suka saba yin hidimar aure da kuɗin citta bayan kaka. A irin wannan shekara, abin da aka kashe a daren otal ɗaya a ƙasar waje zai iya ɗauke wa wani gida kayan ɗakin amarya. Ban da kuɗi, zuwan ɗan gari da ke aikin tarayya yana da nasa amfanin. A zaure ne zai ji cewa asibitin ƙauye ba ta da ungozoma, a kan hanya ne zai ga kwalbatin da ruwa ya cinye, a gefen rumfa ne yaron da ya gama makaranta zai sami wanda zai nuna masa yadda ake cike takardar neman aiki. Hadimin da bai taka garinsu ba, ba shi da abin da zai faɗa wa maigidansa game da shi sai jita-jitar WhatsApp.

Uzurin da aka fi kawowa shi ne tsaro, kuma ba uzurin banza ba ne. Hanyar Abuja zuwa Kaduna ta yi ƙaurin suna da satar mutane. Layin dogon da aka buɗe a Yulin 2016, wanda ke da tasha a Jere, an kai wa jirginsa hari ranar 28 ga Maris 2022, aka kashe fasinjoji aka sace wasu, bai kuma dawo aiki ba sai Disambar wannan shekarar. Ƙauyukan Kagarko sun sha fama da masu garkuwa da mutane, kuma ɗan birni da aka san yana aikin gwamnati yana da dalilin yin taka-tsantsan. Babu mai hankalin da zai ce a yi tafiyar dare ko a shiga gari da jerin motoci ana jiniya. To amma iyaye da ƙanne suna kwana suna tashi a wannan wuri, kuma duk ranar 1 ga Janairu jama'a na cika Kagoro don bikin Afan. Idan masu kusanci da kunnen gwamnati suka ƙaurace wa hanya, sai ta ragu ga waɗanda kukansu ba ya isa ko'ina, gyaranta kuma ya ƙara nisa.

Abin da ake nema ba shi da wuya. Wanda ke da hali ya je bikin abokinsa a duk inda yake, da kuɗin aljihunsa, cikin hutunsa, da takardar izini a hannu. Shugabannin sassa su daina sa hannu a kan taron da kowa ya san inuwar biki ce. Kowane ma'aikaci kuma ya ware wa garinsu aƙalla gwargwadon kwanaki da kuɗin da ya ware wa tafiyar waje. Aikin gwamnati yana ƙarewa bayan shekara 35 ko cikar shekara 60 da haihuwa, na hadimi ma yakan ƙare ranar da maigidansa ya sauka. Daga ranar gayyatar Dubai takan yi ƙaranci, kuma mutanen da za su zo bikin 'yarsa ko su tsaya a jana'izarsa su ne waɗanda ya riƙa aika wa saƙon ban haƙuri. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.