Filin Kiwon Lafiya: Haƙorin Tangaran, a Duba Launi Kafin a Liƙa



Kowa ya san haƙorin Makka na zinari ko na azurfa. Shi don a gani ake sa shi. A wannan wata za mu yi magana bisa haƙorin tangaran, wanda likitan haƙori ke sa wa mutum in nasa ya karye ko ya faɗi. Shi kuwa kyawonsa shi ne kada kowa ya gane shi. Aikin ya daɗe: tun shekara ta 1774 aka fara yin haƙoran tangaran a ƙasar Faransa.

Mutane da yawa sukan ce wa likita: "Sa mini wanda ya fi fari." Wannan kuskure ne. Makiyayi ya san farin shanu ba iri ɗaya ba ne. Haka ma haƙori. Haƙorin da Allah ya ba mu yana da ɓawo a waje, haske na ratsa shi kamar ƙwan zabo in an ɗaga shi ga rana. Ƙarƙashin ɓawon akwai ƙashi mai ruwan ɗorawa. Shi ya sa bakin haƙori ya fi haske, gindinsa wajen dasashi ya fi duhu.

Haƙorin tangaran iri biyu ne. Akwai mai ƙarfe a ciki. Yana da ƙarfi, amma ƙarfen na tare haske, kuma in dasashi ya ja baya sai baƙin layi ya fito. Akwai tangaran zalla, wanda haske ke ratsawa. Shi ya fi dacewa da haƙoran gaba.

Likitoci suna da allon gwaji. Wanda aka fi sani yana da launi 16. Ana kara su kusa da haƙorin mutum har a sami daidai.

Ga abin da za ku kiyaye:

1. A wanke baki tukuna. Goro, taba da fure suna rina haƙori, amma ba su kama tangaran sosai. In aka auna bisa dattin goro, launi zai saɓa.
2. A zaɓi launi tun da farko. Haƙori in ya bushe yakan ƙara fari, ya ruɗi ido.
3. A duba da hasken rana, kusa da taga. Fitila tana sauya launi.
4. Ku nemi madubi, ku duba da idonku kafin a liƙa.

Dalili kuwa, a wuta ake gasa tangaran kamar tukunya. In an liƙa shi, asawaki ko magani ba su sauya launinsa. Sai dai a cire a sake wani, a sake biyan kuɗi da na mota zuwa birni. Wanda ya saida rago ko buhun wake don gyaran baki, kada ya ji kunyar tambaya.

Allah ya ba mu lafiya. Sai wata mai zuwa.