Matuƙin da Bai Yi Barci Ba

Maniyyacin da ya taso daga Achika ta Wudil zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano yakan damu da nauyin jakarsa, amma ba ya tambayar awa nawa matuƙin da zai kai shi Jidda ya yi barci.

A Agustan 2020, lokacin korona, Air Peace ya sallami matuƙa kusan 70. Duk inda aka rage ma'aikata sannan zirga-zirga ta dawo, ragowar ne ke ɗaukar nauyin, ana lallashinsu da alawus na ƙarin tashi. Wannan tsari sayen shirun gajiyayye ne: in ya ce ya gaji, aljihunsa ya sha wuya.

Tarayyar Turai ta ƙayyade wa matuƙi awa 100 cikin kwana 28, da 900 a shekara. Amurka ba ta tsaurara dokarta ba sai da hatsarin Colgan na 2009 ya ci rayuka 50. Najeriya ba ta buƙatar jiran gawarwaki. Ya wajaba NAHCON da NCAA su ƙirga matuƙan kowane kamfani, su duba jadawalin hutunsu, kafin a ba shi jigilar alhazai.