Hoton Tsuntsayen Bakin Gulbi

Idan damina ta wuce, ruwan gulbin Gagare ya janye, sai rairayi ya fito fili, 'yan tafkuna su saura nan da can cikin fadama, tun daga Ƙaurar Namoda har ƙasar Shinkafi. Yaran Katuru sun san masu sauka a irin wuraren nan. Ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, ga balbela, ga zakaran ƙeƙuwa mai yawan ƙara. Akwai kuma waɗansu ƙanana masu dogayen ƙafafu, baƙi ne daga Turai. Sanyi ne ya koro su, suka ƙetare teku da hamadar Sahara, su na neman tsutsa cikin taɓo. Irinsu kan taru da yawa a tafkin Nguru, wanda aka sa cikin dausayoyin duniya da a ke kiyayewa a shekarar 2000.

Yanzu kuwa wayar hannu ta yawaita, kowace da abin ɗaukar hoto. Sai ka ga yaro ya karɓi ta wansa ya nufi bakin ruwa. Tsuntsu ya yi masa nisa, ya matsa. Tsuntsu ya ƙi motsi, ya jefa masa hoge don ya tashi, wai hoton mai tashi ya fi kyau. Ni dai a ganina wannan ba daidai ba ne.

Wani zai ce, “Ai gara hoto da danƙo, tun da hoto ba ya kisa.” Gaskiya ne, gara hoton. Amma ku dubi zakaran ƙeƙuwa. Ba ya sheƙa bisa itace. Ƙasa ya ke ɗan tonawa, macen ta sa ƙwai 3 ko 4 masu ɗige-ɗige, launinsu ya saje da ƙasa, har mutum ya taka bai gani ba. Su na kwanci fiye da mako 3, kuma da tsakar rana inuwa su ke yi wa ƙwan da jikinsu. In an tashe su, rana ta buga ƙwan, hankaka kuma ya na bisa ya na kallo. Ihun nan da tsuntsun ke yi, ya na kewaya kanku, ba waƙa ba ce. Cewa ya ke ku tafi.

Ladin kogi ya ma fi ban mamaki. Binne ƙwansa ya ke yi cikin rairayi. In zafi ya tsananta sai ya shiga ruwa ya jiƙa gashin cikinsa, ya komo ya kwanta bisa wurin don ya sanyaya. To, wanda ya hana shi komowa rabin sa'a saboda hoto ɗaya, me ya raba shi da mai danƙo?

Baƙin nan na Turai su ma ba su da lokacin ɓatawa. Sai sun ci sun tara kitse sa'an nan su iya komawa gida da bazara, kowace kora kuwa rage musu guzuri ta ke yi.

Alhali kuwa hoto mai kyau ba ya bukatar kora. Ku tafi da hantsi ko da la'asar sakaliya, tare da wani babba, gama bakin gulbi ba wurin zuwan yaro shi kaɗai ba ne. A lokutan nan hasken rana ya na da taushi. Ku ba rana baya, domin haskenta ya faɗa kan tsuntsun, ku kashe fitilar wayar. Farar riga kuwa a bar ta gida. Ku zauna ƙasa gindin wani kurmi, ku yi shiru kamar mai fatsa. Da farko duk za su dare. Jim kaɗan za su mance da ku, har wani ya zo kusa ya na tsaga taɓo da bakinsa.

Watakila a hoton tsuntsun ya fito ɗan ƙarami. Ba kome, ga ruwa ga rairayi sun fito tare da shi, mai duba hoton ya san inda ya ke zaune. In kuwa kun ga ya daina kiwo, ya miƙe wuya ya na dubanku, kun matsa da yawa ke nan. Sai ku ja da baya sannu-sannu, har ya mayar da bakinsa cikin taɓo.